Tantani da Hayaƙi: Tace Iskar Kabon, Daga Masana'anta Zuwa Dajin Ɗansoshiya



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa malamin Hausa da hayaƙin masana'anta? Suna da gaskiya. Ni ba injiniya ba ne, abin da na karanta nahawu ne da ma'anar kalmomi. Amma lokacin da nake karatu a Ingila na zauna gida ɗaya da wani ɗalibi mai koyon aikin injiniya. Wata rana ya shigo da wani abu fari kamar wutsiyar doki, ya ce in taɓa. Ya ce kowane sili da nake gani bututu ne mai rami a ciki, kuma da irinsa ake raba iska da iska. Ya yi mini bayani da Turanci har na ɗauka na gane. Da na kwanta na gwada maimaita wa kaina bayanin da Hausa, sai na kasa. Wannan kasawa ita ta sa na bi sawun maganar shekara da shekaru, abin da na samo kuwa shi na kawo muku yau.

Bari mu fara da suna, gama sana'ata ke nan. Iskar da za mu yi magana a kanta Turawa suna kiranta kabon dayokzaid. A rediyo nakan ji ana ce mata gurɓatacciyar iska, wasu kuma su ce iskar gawayi. Duka biyun ban gamsu da su ba. Ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ke sa ƙullin waina ya tashi, ita ke yin kumfa in an buɗe kwalbar lemo, ita ce kuma abincin ganye, to ta ina ta gurɓata? Sunan iskar gawayi kuwa ya fi dacewa da 'yar'uwarta, kabon monokzaid, wadda ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi ko janareta a ɗaki rufe. Ba su suna ɗaya ganganci ne. Saboda haka a wannan lacca zan riƙa ce mata iskar kabon.

Laifinta ɗaya ne, wato yawa. Kafin zamanin injuna, in an kasa iskar sararin sama gida miliyan, gida 280 ne nata. A 1958, sa'ad da Charles Keeling ya fara awonta a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, ta kai wajen 315. A 2024 ta wuce 420. Halinta shi ne riƙe zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Daga kwal da man fetur da gas da siminti, duniya tana sakin wajen tan biliyan 37 a shekara. Rabon Afirka duka bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Abin da ya faɗa kan ɗan Nijeriya ɗaya bai kai tan guda ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Mukan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma sararin sama bai san wannan karin magana ba. Zafin da aka ɗebo a wata nahiya yakan ƙone bakin manomin Kiru da makiyayin Doguwa. Duk da haka Nijeriya ta shiga alkawari. A taron Gilasgo na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce nan da 2060 abin da ƙasar ke saki zai yi daidai da abin da take tsamewa, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Ma'anar wannan ga ma'aikatan da ke cikinmu ita ce takardu za su riƙa zuwa teburinku ɗauke da sunayen na'urori da farashinsu, ana neman sa hannunku.

Tsohuwar hanyar kama iskar kabon ita ce a wanke hayaƙi da ruwan wani sinadari mai suna amin, ba amin ɗin addu'a ba. Tun 1930 aka san ta. Hayaƙi ya bi ta cikin dogon husumiya, ruwan ya shanye iskar kabon, sa'an nan a dafa ruwan ya amayar da ita. Hanyar tana aiki, sai dai dahuwar tana cin wuta ƙwarai, ga ruwa mai yawa, ga gini mai tsawo. Sabuwar hanyar ita ce ta abokin zamana, kuma a nan harshenmu ya ba ni mamaki.

Ku dubi yawan kalmomin da Bahaushiya take da su na raba abu da abu. Tana sheƙe hatsi iska ta kwashe ƙaiƙayi. Tana bakace da faifai. Tana tankaɗe gari da rariya, tsaki ya tsaya. Tana tace gasara da mataci. Mai haƙar kuza a Riruwai kuwa wankewa yake yi, mai nauyi ya kwanta. Kowace kalma da dabararta: wata ta dogara ga nauyi, wata ga girma. Da farko na ɗauka rariya ce sunan da ya dace da na'urar. Ashe na yi kuskure. Rariya idanu gare ta, aikinta kuwa sai akwai babba da ƙarami. Ƙwayoyin iska kusan kansu ɗaya. In an raba mita gida biliyan, kowane gida sunansa nanomita. Faɗin ƙwayar iskar kabon nanomita 0.33 ne, na naitirojin, wadda ita ce mafi yawa a hayaƙi, 0.36, na metan, wato iskar gas mai kamawa da wuta, 0.38. Kamar a cakuɗa maka gero da maiwa ne a ce ka tankaɗe.

Kalmar da ta dace ita ce tantani, irin na cikin ɓawon ƙwai ko na bakin kalangu, wato fata siririya wadda ba ta da huda. To yaya abu zai wuce inda babu huda? Kowa a nan ya taɓa ƙulle daddawa a leda ya sa a jaka, ya kuma san abin da ya biyo baya. Ledar ba ta huje ba. Warin ne ya narke cikin jikin ledar ta wannan gefe, ya ratsa a hankali, ya ɓulla ta wancan. Haka balan-balan ɗin yaro ke saɓewa bayan kwana biyu ko da an ɗaure bakinsa tamau. Kowace iska da saurin ratsawarta. Iskar kabon ta fi naitirojin da metan saurin narkewa cikin dangin roba, ga ta kuma ta ɗan fi su sirantaka, don haka takan riga su fita, ninki goma-goma. Tantani ke nan mai tantancewa. Kunne ne ya haɗa mini kalmomin nan biyu, kuma ina ganin za su taimaki ɗalibi wajen tunawa.

Sanin wannan ya daɗe. A 1829 wani ɗan Sukotlan, Thomas Graham, ya sa jiƙaƙƙiyar mafitsarar dabba, wadda aka ɗaure bakinta da 'yar iska a ciki, cikin tulun iskar kabon, sai ya ga ta kumbura tam. A 1831 wani likita a Amurka, John Mitchell, ya lura iskoki ba su ratsa roba da sauri ɗaya. A 1866 Graham ya bayyana dalilin, shi ne narkewa da ratsawar da na faɗa yanzu. Amma sai da aka yi kusan shekara ɗari ilmin yana kwance, domin in tantani ya yi kauri iskar da ke wucewa ba ta taka kara ta karya ba, in ya yi siriri kuma ya yage. Wajen 1960, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka warware matsalar, su kuwa gishiri suke neman cirewa daga ruwan teku. Suka yi tantani mai hawa biyu: a sama fata wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba, a ƙasa kuma soso mai ƙarfi da ke tallafe ta, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu. Wajen 1980 kamfanin Monsanto ya fara sayar da irinsa don ware iskar haidirojin, cikin 'yan shekaru kuma aka shiga tace iskar kabon da shi a rijiyoyin mai da gas na Tekzas. Ana yinsa iri biyu: ko dubban silillan nan masu rami a cusa su cikin bututun ƙarfe, ko shimfiɗaɗɗe a naɗe shi kamar tabarma.

A 1991 Lloyd Robeson ya tattara awon robobi masu yawa, ya nuna wata ƙa'ida wadda duk matar da ta taɓa tankaɗe ta riga shi sani: mai sauri ba ya tacewa da kyau, mai tacewa da kyau ba ya sauri. Maganin da injiniyoyi ke yi shi ne nata, a maimaita sau biyu ko uku.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya fita da shi. Tantani ba ya jawo iska da kansa, sai an tura ta, kuma ƙarfin turawar ya rataya ga abu biyu: matsin da iskar take ciki, da yawan iskar kabon a cikin cakuɗar. Gas ɗin da ke fitowa daga rijiya da matsinsa yake zuwa, kyauta. Shi ya sa a tekun Barazil, inda gas ke ɗauke da iskar kabon mai yawa, kamfanin Petrobras yake tace ta da tantani a kan jiragen haƙar mai, yana mayar da ita ƙarƙashin ƙasa. A 2022 kaɗai ya mayar da fiye da tan miliyan 10. Ko inda ba a damu da ɗumamar yanayi ba tilas a rage ta kafin gas ya shiga doguwar hanya irin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, domin in ta haɗu da laima takan zama ruwa mai tsami da ke cin ƙarfe. Hayaƙin masana'anta kuwa ba shi da matsi, sai an sa inji ya matse shi ko ya zuƙe shi, injin kuma wuta yake ci. A tashar lantarki mai ƙona kwal iskar kabon kashi 12 zuwa 15 ce cikin 100 na hayaƙin. A mai ƙona gas wajen kashi 4 ce. A iskar da muke shaƙa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 1,000 ba. Iyakar raguwar kashin, iyakar hauhawar kuɗin. Don haka har yanzu tace hayaƙi da tantani bai kai tace gas nisa ba. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajensa shi ne wanda aka gina a wata tashar kwal a jihar Wayomin ta Amurka, don kama wajen tan 150 a rana, abin da bai kai loma ɗaya ba in an gwada da abin da babbar tasha ke saki.

A ƙasar Hausa hayaƙin da ya fi kauri shi ne na siminti, kamar masana'antar Kalambaina ta Sakkwato wadda ta fara aiki a 1967, da ta Malbaza a Nijar. Siminti, ko'ina ake yinsa, yana da wata matsala ta daban. In an gasa kilo 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa, kilo 56 ne ke saura, kilo 44 ya tashi iskar kabon. Daga jikin dutsen take fitowa, ko da hasken rana aka yi gashin. A matsakaicin lissafin duniya, kowane buhu mai kilo 50 ya bar wajen kilo 30 na iskar a sama. Hayaƙin yakan ɗauki kashi 15 zuwa 30, wato ya fi na kwal dacewa da tantani, sai dai ƙura da zafi su ne abokan gabarsa. Masana'antar siminti ta Birebik a Norwe, wadda ta fara kama iskarta a 2025, ruwan amin ta zaɓa.

To, ina Ɗansoshiya a cikin wannan duka? Wanda ya bi hanyar Zariya ya kai Kwanar Ɗangora, ko ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru ya gangara Tudun Wada da Doguwa, ba zai ga bututun hayaƙi mai tsawo ba. Abin da zai gani a bakin hanya tarin itace ne da buhunan gawayi suna jiran motar birni. Hayaƙin wannan yanki daga dubban murahu yake tashi, da ramukan gawayi, da wutar daji ta kaka. Ba tantanin da zai kama wannan, kuma duk wanda ya kawo muku takarda ya ce zai yi, ku tambaye shi inda zai ɗaura bututun. Abin da ke tsame iskar kabon daga sarari a Ɗansoshiya da Falgore shi ne ganyen itacen da ake sarewa.

Amma akwai wuri ɗaya a dajin inda ake samun iskar kabon da kaurin da ya fi na Kalambaina, shi ne garken shanu. A 2019 gwamnatin Kano ta Abdullahi Umar Ganduje ta ɗauki shirin zaunar da makiyaya a dajin Ɗansoshiya, ta ɓangaren Kiru, a 2020 kuma aka buɗe rukunin farko na gidajen. Duk inda shanu suka kwana wuri ɗaya kashinsu zai taru. In an dama kashin da ruwa, awo da awo, aka zuba a rami mai murfi inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta za su ruɓar da shi su fid da gas: wajen kashi 60 metan, wajen kashi 40 iskar kabon. Wannan ba sabon ilmi ba ne. A Indiya da Sin miliyoyin gidaje sun yi girki da shi, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuma ta daɗe tana gwajinsa. A lissafin Indiyawa kilo ɗaya na ɗanyen kashi yakan ba da lita 40, kilo 50 a rana kuwa ya ishi girkin matsakaicin gida. Ɗuminmu ma taimako ne, gama ƙwayoyin sun fi aiki a zafi irin na jikin saniya.

Ku lura, wannan gas yana kamawa a murhu yadda yake, ba sai an tace shi ba. Matar da ke dafa tuwo a ruga ba ta bukatar tantani ko kaɗan, bukatarta rami ne da murfi da tiyo. Tantani yana shigowa ne ranar da gas ya fi ƙarfin rugar, aka so a ɗura shi a tukunya a kai Kano, ko a zuba wa mota. Ɗaukar kashi 40 na abin da ba ya ci da wuta asarar tukunya ce da kuɗin mota. In an tace, metan ya haura kashi 95, ya zama daidai da gas ɗin da gwamnatin tarayya ta shiga kwaɗaitar da masu motoci a kansa bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. A Turai wannan aiki ya zama ruwan dare, kuma na'urar takan shiga cikin kwantena guda.

Sai dai kafin a kai nan akwai tsani mai hawa da yawa, kuma a ra'ayina kuskuren da ya fi yiwuwa shi ne a sayo hawan ƙarshe kafin a gina na farko. Saniyar da ta wuni kiwo rabin kashinta ko fiye a daji ta bar shi, na dare kaɗai ake iya tarawa. Ruwan damawa kullum ake bukatarsa, har a watan Maris da Afrilu, lokacin da dabba da mutum ke layi a rijiya ɗaya. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, tana nan a ƙasar Bebeji, amma ruwan da ke madatsa daban, wanda ke bakin garke daban. Sa'an nan gas ɗin kashi yana zuwa da laima da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tilas a cire su tukuna, in ba haka ba su lalata tantanin da injin. Abin dariya, da wani irin gawayi ake kama mai warin. Bayan haka sai a matse gas ɗin fiye da iskar tayar mota ninki biyar ko sama, wato ana bukatar lantarkin da ba ya yankewa, da makanikin da ke kusa.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin injiniya. Kashin shanu ba shara ba ne a ƙasar nan, yana da mai shi. Tun kaka da kakanni manomi yakan gayyaci Bafillace ya sauke garkensa a gona da rani, shanu su ci kara su bar taki, har a haɗa masa da damin hatsi. Wannan ciniki yana cikin igiyoyin da suka ɗaure manomi da makiyayi, igiyoyin kuwa ba su da yawa a zamanin nan. Gaskiya ne abin da ke fita daga ramin bayan ya ruɓe taki ne mai kyau, ƙarfinsa bai tafi ba. Amma na wane ne? Na mai saniya, ko na wanda ya gina ramin? In ba a yanke wannan a gaban arɗo da dagaci ba, na'urar za ta zo da rigimarta.

Haɗari na ƙarshe shi ne yoyo. Kashin da ya bushe a fili metan kaɗan yake fitarwa. Ramin da muka gina shi ke sa ya fitar da yawa, metan kuwa ya fi iskar kabon riƙe zafi wajen ninki 28 a tsawon shekara 100. Ramin da murfinsa ya tsage, ko tantanin da ke barin metan ya bi iskar kabon ya fita, yana iya sa a wayi gari ɓarnar ta fi gyaran. Shi ya sa ake jera tantani hawa biyu ko uku, ana mayar da abin da ya zurare a sake tacewa.

Saura tambaya ɗaya: in an ware iskar kabon, ina za a kai ta? A Norwe tun 1996 ake tura ta cikin dutse mai shan ruwa a ƙarƙashin Tekun Arewa, a filin gas na Silaifna. Wannan sai an yi binciken ƙasa mai zurfi da kuɗi masu nauyi. Ta Ɗansoshiya ba ta bukatar kabari, domin daga ciyawar bara ta fito, ciyawar bana kuma za ta sake shanye ta. Ribar da yanayi zai samu tana ga itacen da ba a sare ba da man da ba a ƙona ba. Amma tana da kasuwa in an ƙara tsarkake ta. Masu yin lemon kwalba a Kano suna sayenta, masu cika tukunyar kashe gobara ma haka, da masu walda. In kuma an daskarar da ita takan zama ƙanƙara busasshiya mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri, wadda ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta koma iska. Da irinta madarar da aka tatsa da asuba a Kiru za ta iya isa birni ba ta yi tsami ba.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. Kalmomi uku na yi amfani da su yau waɗanda nake so a gwada su: iskar kabon, tantani, da matsi. Na ga injiniyoyi zaune a sahun baya suna rubutu tun ɗazu, ina roƙo a fara ba su damar tambaya, musamman a kan ta ukun, domin ita ce wadda abokin zamana na Ingila ya fi yi mini gardama a kanta.